Illa Mai Lalas da Raƙumin Bariki

A Affala, arewa da Tawa, in ka ce Illa kawai za a tambaye ka wane Illa, don suna da yawa. Amma in ka ce Illa Mai Lalas, har yau akwai tsofaffin da za su gyaɗa kai. Wa ne ga kakata Hajaratu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa. Sauran na tsintsinto wajen waɗanda suka zauna da shi. Kakata ba ta iya ba da labarin wanta ba tare da ta zagi wani ba, ni ma kuma na gaji halin, sai a yi haƙuri da ni.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon wuta. Yana noman gero kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi lalas ne, wato a sa ƙarfe a wuta har ya yi jawur, a ɗora wa dabba daidai inda ciwo yake. Wajen ubansa Tanna ya gaji sana'ar, tare da ƙarafan da yake naɗewa cikin fatar akuya. Jaki mai ɗingishi, sa mai kumburi, raƙumin da sirdi ya ci wa baya, duk wurinsa ake kai su. Ba shi da yawan magana da mutane, amma da dabba sai ya wuni yana hira. Matarsa Kaltumi takan ce wanda yake son Illa ya tambaye shi lafiya, to ya zo da ƙafa huɗu.

Bayan gidansa akwai wani fili da ya kewaye da ƙaya, a nan dabbobin jinya suke kwana. Mutum zai kawo sansa ya ɗaure, ya tafi sabgoginsa, sai ya warke ya dawo ya kwance. Buzaye masu tafiya arewa da damina sukan bar masa raƙumin da ba zai iya tafiya ba, ba shaida ba rantsuwa, su dawo da kaka su iske abinsu ya yi tozo. Shi kansa ban da jaki ɗaya ba shi da ko ɗan maraƙi. Dukiyarsa ita ce wannan yarda da aka yi da shi, kuma ya san da haka, har yana ɗan taƙama da ita. In ana hira ya kan ce dukiyar ƙasarmu ta Adar rabinta ta taɓa kwana bayan ɗakinsa, ko igiya ba ta taɓa ɓata ba.

Abin ya same shi ne cikin shekarun yaƙin Nasara na biyu. Lokaci ne da bariki ba ta ƙoshi. A karɓi lampo, wato haraji, a karɓi gero, a karɓi dabbobi, a kwashi samari aikin dole. Kowa ya koyi tafiya da kai a sunkuye.

Da kaka, an gama yankan gero, Illa ya kora jakinsa zuwa wata ƙorama arewa da gari don tonon saiwar magani. Sai ya hango ungulaye sun jeru a kan wata aduwa, sun zuba ido ƙasa. Da ya matsa ya iske farin raƙumi a durƙushe, ba sirdi, ba akala, ba sawun mutum kusa da shi. Gindin wuyansa ya kumbura ya yi kamar tulu, ƙudaje sun rufe wurin. Sirdi ne ya ci shi, aka ƙyale ciwon har ya yi ruwa ya bi cikin nama. Raƙumin ko ɗaga kai bai iya yi ba.

Illa bai tsaya tunanin na wane ne ba. Ya koma gida ya ɗauko ƙarafansa da salkar ruwa, ya hura wuta nan gindin aduwar. Da ya wanke wurin sai ya ga akwai shaida a kan kumburin, irin wadda masu raƙuma ke yi da wuta don a san dukiyarsu. Ya san shaidun Buzayen ƙasar nan kaf, amma wannan bai taɓa ganin irinta ba, ga shi kumburi ya ja fatar ya karkatar da ita. Ya ɗauka ta wasu mutanen nesa ce. Mugunyar kuwa daidai ƙarƙashinta take, ba wata hanya. Ya tsaga wurin, ya matse, ya bi gefe da gefe da jan ƙarfe, ya gitta layuka a tsakiya yadda ubansa ya koya masa. Kullum sai ya yi jigilar ruwa da harawa a kan jaki zuwa ƙoramar, har ranar da raƙumin ya yunƙura ya miƙe. Sannan ya jawo shi gida sannu a hankali.

Bai ɓoye ba. Tun raƙumin bai gama shiga gari ba ya nufi wajen Liman Yunusu ya faɗa masa.

Liman ya ce, “Illa, raƙumi ba a tsintar shi. Shina tahe da ruwanai cikin ciki, da takalmanai ga ƙahwa. Shari'a ta ce a bar shi, mai shi na iske shi.”

Illa ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, wanga dai ungulu za ta riga mai shi.”

Liman ya yi dariya ya ce, “To, tunda rai ka ceta, sai ka yi cigiya. Ranar kasuwa, gaban mutane, kada ka gaji.”

Daga nan Illa ya je ya gaya wa mai gari Dodo, shi kuma ya ce Allah ya kawo mai shi. Duk ranar kasuwa mai shela sai ya zaga yana cigiyar wanda ya ɓatar da farin raƙumi. Buzaye suka riƙa zuwa suna dubawa, kowa ya girgiza kai ya tafi. Ba laifinsu ba ne, don da ciwon ya warke, tsohuwar shaida da sabon tabo sun cakuɗe kamar sawun kaji a kan rairayi. Raƙumin kuwa ya murmure, gashinsa ya kwanta, in ya ji muryar Illa sai ya miƙo wuya ta saman ƙaya.

Ana cikin sanyi sai Tanimu ya biyo ta gidan. Tanimu tsohon soja ne, ya yi wa Faransa aiki a ƙuruciyarsa ya dawo da ƙafa ɗaya a sanƙare, shi kaɗai ne a garin ya san kamannin rubutun boko. Ya tsaya ya ƙura wa wuyan raƙumin ido, ya shafa da yatsa, sai ya ja Illa gefe.

Ya ce, “Illa, ka san abin da kac ciyar da harawarka? Wanga rubutun Nasara na. Raƙumin gumiye na, na bariki.”

Gumiye su ne mahaya raƙuman da kumandan Nasara na barikin Tawa yake aikawa cikin daji, yawancinsu Buzaye. Illa da ya ji haka sai fuskarsa ta washe, ya ce alhamdu lillahi, mai abu ya samu.

Tanimu ya ce, “Kai dai ba ka da wayo. Ka kai shi bayan tudu ka sake shi, ka dawo ka ce mai shi ya zaka ya ɗauka. Na zamna da mutanen ga, na san su. Ka taɓa musu shaida, ba su jin wani bayani.”

Illa ya ce, “In yi cigiya gaban duniya, in dawo in yi ƙarya? Abin da ka tsinta, hannu da hannu aka miƙa ma mai shi.”

Kaltumi tana bayan danga tana jin su. Da Tanimu ya tafi ta fito ta durƙusa gabansa, abin da ba ta saba yi ba sai magana ta yi nauyi.

Ta ce, “Maigida, don Allah ka ji ta Tanimu. Bariki ba a zuwanta sai an kira mutum, kuma ko an kira shi da bankwana shika tahiya.”

Ya ce, “Mi niy yi? Na iske shi shina mutuwa, na tashe shi. In Nasara na da hankali, goro za shi ba ni.”

Kakata in ta kawo nan sai ta tafa hannu ta ce wanta dabba ya sani, bai san mutum ba. Dabba in ka yi mata alheri ba ta tambayarka dalili.

Illa ya roƙi mai gari Dodo ya raka shi don ya zama shaida, sai ga ciwon baya ya taso wa Dodo a ranar, ciwon da ba a taɓa jin yana da shi ba. Illa ya yi masa sannu da zuciya ɗaya. Ya sa rigarsa mai shuni ta zuwa Idi, ya kama akala ya nufi Tawa a ƙasa. Bai hau raƙumin ba ko taki ɗaya, wai ba nasa ba ne.

Ya isa bariki da hantsi. A ƙofa ya iske gardi-sarki, masu jar hula da ke tsaron bariki da gidan kaso, ya yi musu sallama ya ce ya kawo tsintuwa. Ɗaya ya zaga ya duba wuyan raƙumin, ya kira ɗan'uwansa, suka yi ƙus-ƙus. Aka aika aka kirawo wani saurayin gumiye mai suna Attahir. Da ya ga raƙumin sai ya tsaya cak, ya gyara rawaninsa ya rufe baki, ya ce nasa ne. Illa yana murmushi yana jiran godiya, sai ya ji an karɓe akalar daga hannunsa an ɗaure shi da ita.

Ga abin da Illa bai sani ba, wanda sai bayan shekaru aka ji daga bakin Attahir kansa. An aike shi arewa ne da saƙo, sirdi ya ci raƙumin a hanya, ya ƙi faɗa don gumiyen da ya lalata raƙumin bariki bulala ce da kora. A hanyar dawowa ya ratse rugar danginsa inda ake biki. Ya tausaya wa raƙumin bai sa masa dabaibayi ba, ya shiga cikin ƴan'uwa aka yi ta kiɗa. Da gari ya waye ba raƙumi. Ya nema ya rasa, tsoro ya kama shi, ya dawo Tawa ya ce ɓarayi ne suka yanke dabaibayi yana barci. Tun daga ranar, a wajen kumandan, raƙumin nan sato shi aka yi. Abin da ya rage kawai a ga ɓarawon, sai ga shi ya kawo kansa cikin rigar Idi.

Aka tura gardi-sarki Affala suka zo da mai gari Dodo, suka zo da ƙunshin ƙarafan Illa. Ranar shari'a kumandan ya zauna bayan tebur a barandar bariki, alƙali a gefensa, tafinta mai suna Sidi a tsaye yana juya magana. Aka durƙusar da raƙumin a fili. Kumandan ya sauko da kansa, ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya ɗora kan tabon, ya zauna daram. Ya sa a tambayi Illa ko shi ya ƙona wurin.

Illa ya ce, “Ni niy yi, ranka shi daɗe. Kuma diba yadda yaw warke, ko ƙari babu.”

Sidi bai juya maganar nan take ba. Ya sassauta murya ya ce, “Baba, ka san abin da kaka hwaɗi kuwa?”

Illa ya ce, “Hwaɗa mishi, aikina na.”

Sidi ya faɗa. Kumandan ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa.

Ba zan ce kumandan ƙarya ya ƙirƙira ba, ko da yake ina jin haushinsa. Ɓarayin raƙuma haka suke yi, su bi shaida da wuta su ɓata ta don kada a gane. Ya sha ganin irin wannan, kuma bai taɓa zama gindin aduwa ya ga ana ceton dabba ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne bai nemi ya sani ba. Illa ya ce ya yi cigiya kasuwa bayan kasuwa, kumandan ya ce wanda ya riga ya ɓata shaida ai ba ya tsoron cigiya. Illa ya ce ɓarawo ba ya kawo kaya da ƙafarsa, kumandan, da ya riga ya ji labarin Tanimu daga bakin Illa, ya ce sai da tsohon soja ya gane rubutun sannan tsoro ya kawo shi. Aka tambaye shi me ya hana shi zuwa tun da kaka, ya ce raƙumin ba ya iya tafiya, kuma bai san na bariki ba ne. Kumandan ya ce kowa ya san shaidar gwamnati. A Affala kuwa mutum ɗaya ne ya santa, shi ma da ƙyar.

Alƙali ya yi ƙoƙari, a ba shi hakkinsa. Ya ce a shari'a wanda ya tsinci abu ya bayyana shi a gaban jama'a amintacce ne, ba a kama shi da sata sai da shaidu. Kumandan ya ce wannan hukuncin akuyar talakawa ne, ba na raƙumin gwamnati a lokacin yaƙi ba. Alƙali ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Aka kira Dodo. A hanya gardi-sarki sun riga sun gaya masa cewa garin da aka samu ya ɓoye kayan gwamnati, tarar gero ake ɗora wa kowane gida. Ya tsaya yana kallon ƙasa ya ce, “Ya ce mini tsintuwa yay yi. Amma inda yat tsinta, ni ban gani ba.” Ba ƙarya a ciki ko ɗaya, kuma da ita aka gama da Illa. Kakata har ta mutu ba ta ƙara gaisawa da gidan Dodo ba. In an ce mata ai Nasara ne ya yanke hukunci, sai ta ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Na ƙarshe aka tambayi Attahir ko wannan ne mutumin da ya yanke dabaibayi. Bai dubi Illa ba. Ya ce, “Duhu na, ban ga huska ba.” Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Aka yanke wa Illa shekara biyu a kaso.

Ya yi fasa dutse a hanyar mota, ya yi saran itace, ya yi jan ruwa. Da aka gane yana da hannun dabbobi sai aka mai da shi wajen shayar da raƙuman bariki, har in doki ya yi ɗingishi a asirce shi ake kira ya duba. Wato aikin da aka ɗaure shi dominsa shi ake roƙonsa ya yi, sai dai ba a gaban kumandan ba. Farin raƙumin yana cikin waɗanda yake shayarwa. Duk sanda aka kawo shi rijiya sai ya bar ruwan ya sa hanci cikin wuyan Illa. Attahir kuwa in ya hango shi sai ya bi ta wata hanya. Amma lokaci lokaci wani gardi-sarki kan miƙo wa Illa ƙullin cuku ko ɗan dabino, ya ce wani ne ya ce a ba shi. Illa ya san ko wane ne. Ya kan karɓa ya ci, don abincin kaso ba ya barin mutum ya yi zuciya.

Kaltumi ita ta riƙe gona, da taimakon kakata da mijinta. Damina biyu suka yi noma ba shi. Ranar da aka sake shi ya dawo a ƙasa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Garin ya fito tarbarsa, aka dama fura, mata suka yi guɗa, Liman Yunusu ya yi addu'a. Kowa ya ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Ƙarafansa na gado ba a mayar masa ba, maƙerin gari ya ƙera masa wasu.

Ya gyara ƙayar bayan gida, ya share fili, ya kafa sababbin turaku. Mutane suka ci gaba da kawo dabbobi, don ba wanda ya kai shi iya lalas. Sai dai wani abu ya sauya. Mutum zai kawo sansa, ya tsuguna a inuwa har a gama, ya yi godiya, ya kora abinsa gida. In Illa ya ce a bar shi ya kwana biyu ya ga yadda ciwon zai yi, sai a ce ai ba komai, gobe a sake kawo shi. Wani ya ce matarsa ce ba ta son san ya kwana waje, wani ya ce ba ya son ɗora masa wahala ga shi bai daɗe da dawowa ba. Buzaye masu tafiya arewa suka koma barin raƙumansu a wani gari. Ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo. Da an faɗa ma da ya fi sauƙi, don da ya sami wanda zai amsa wa.

Kaltumi ta ce kullum da yamma sai ya ɗauki tsintsiya ya share filin nan, ko da ba kashin dabba ko ɗaya a ciki. Ya daina cewa komai game da dukiyar Adar. Hirar da yake yi da dabbobi ma ta ragu, don mai dabba yana tsugune a gefe yana jira. Ina jin tausayinsa a wannan wurin fiye da zamansa na kaso. Kaso yana da ranar fita.

Yaƙi ya ƙare, aka hana aikin dole, kumandan ya tafi wani ya zo, shi ma ya tafi. Dodo ya rasu ɗansa Talle ya gaje shi. Illa ya tsufa, idonsa ya fara rauni, amma hannunsa bai manta aiki ba.

Wata ranar kasuwa sai ga baƙo a ƙofar gidansa, Buzu dogo, yana jaye da taguwa, wato raƙuma, mai ciki. Ya yi sallama ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Ya sauke rawanin daga bakinsa, abin da Buzu ba ya yi a gaban babba sai da dalili.

Ya ce, “Baba, ka gane ni?”

Illa ya ce, “Na gane ka. Cukunka na da gishiri.”

Attahir ne. Ya bar aikin bariki, ya koma kiwo. Ya ce yana shirin tafiya Makka a ƙasa, kuma malamin da ya yi masa addu'a ya ce kada ya ɗaga ƙafa da hakkin wani a wuyansa. Nan ya kwashe labarin duka ya faɗa, da ciwon da ya ɓoye, da bikin, da ƙaryar dabaibayi. Yana magana hawaye na bin gemunsa. Ya ce taguwar nan ta Illa ce, da abin da ke cikinta, ya yafe masa don Allah.

Illa ya dubi taguwar, ya dube shi. Sannan ya ce, “Yaro kake sa'annan, kuma bulalar Nasara ba daɗi. Na yahe maka tun ina ciki. Taguwa kau, koma da abinka, hanya na da nisa. Abu guda nika so. In an sallame la'asar, ka tashi ƙohwar masallaci ka hwaɗi wanga zance yadda kah hwaɗa mini.”

Attahir ya ce zai yi, kuma ya yi. Ranar kasuwa ce, masallaci ya cika har waje, ga mutanen gari ga na ƙauyuka. Ya miƙe ya faɗi sunansa da na ubansa, ya faɗi komai bai rage ba. Ya ce mutumin nan bai saci raƙumi ba, ceton sa ya yi, shi Attahir ne ya yi ƙarya ya bar shi ya shiga kaso. Illa yana zaune a sahun gaba, ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana jiran ranar nan.

Da Attahir ya gama sai aka yi ta salati. Mai gari Talle ya yi gyaran murya ya ce, “Allah shi saka maka, baƙo. Amma ai mu mun sani. Wa ad da shakkar Baba Illa cikin garin ga? Tun ranar da anka kama shi mun san ba shi sata.” Jama'a suka amsa, wallahi kuwa, mun sani, kowa ya sani. Da zuciya ɗaya suka faɗa, suna ganin daɗi suke sa masa.

Illa ya ɗago kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Kun sani?”

Suka ce sun sani.

Ya ce, “Ni ina cewa ba ku sani ba. Shi yas sa ban taɓa jin haushinku ba. Ashe kun sani, amma ko akuya ba ku bari ta kwan gidana ba.”

Liman Yunusu, wanda shi ma ya tsufa tukuf, ya kau da kai. Illa ya dafa ƙasa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya nemi takalmansa ya tafi gida. Kaltumi ta ce ranar ce kaɗai ta taɓa ganin hawayensa, ko ranar da ya dawo daga kaso bai yi ba.

Washegari da safe Talle ya zo da kansa, yana jaye da babban sansa na noma, wai yana ɗingishi. Ya wuce da shi bayan gida ya ɗaure a turke, ya ce zai bar shi nan har ya warke, ko wata nawa ne. Illa ya fito ya shafa ƙafar san, ya ɗaga kofaton ya duba, ya ciro wata ƴar ƙaya ya jefar. Sannan ya kwance igiyar ya sa wa Talle a hannu.

Ya ce, “Ba shi da komi, ranka shi daɗe. Tahi da abinka. Na tsuhwa da tsaron dukiyar mutane.”

A makon nan ya tumɓuke turakun, ya ba Kaltumi ta yi girki da su. Da damina ta zo ya shuka kuɓewa a filin.